Ranar da Layina ya Faɗa Ruwa a Bunkure

A gidanmu na Bunkure sim ba kayan mutum ɗaya ba ne. Idan cajin wayar Baba ya ƙare, sai a ɓalle murfi, a zare sim, a zura a ta ƙanena, magana ta ci gaba. Haka na tashi na gani, kuma ban taɓa ɗaukar hakan wani abu ba sai da na zo poli na waye, ko in ce na zaci na waye.

A zangon farko na tara kuɗi na sayi iPhone XR ta hannu a Farm Centre. Gidan sim ɗaya gare ta, ni kuma layi biyu gare ni: tsohon layina da kowa ya sani, wanda aka haɗa da NIN da asusun banki, da kuma wani da nake sayen data a kai. Wani abokina a hostel ya ce, "Kai ɗan ƙauye, ai wannan wayar tana ɗaukar eSIM." Wato sim marar kati. Akwai wani ɗan guntu da aka riga aka dasa a cikin wayar tun daga masana'anta. Kamfanin layi zai ba ka hoton QR, ka haska da kyamara, bayanan layinka su sauka a kansa ta intanet. Abin ba sabo ba ne ma, tun 2020 MTN ta fara shi a Najeriya, Airtel ta biyo baya a 2023. Na je na mayar da babban layina eSIM, na sa na data a gidan sim. Na kusa sati ina nuna wa mutane yadda nake sauya layi daga saitin, ba allura, ba tsinken sakace.

Sai hutu ya zo daidai lokacin tsinkar tumatir. Wanda ya san yankinmu, Kura da Bunkure da Garun Malam, ya san cewa ruwan madatsar Tiga ne ke riƙe da mu da rani, kuma ranar da ruwa ya zo ɓangarenku ba a zaman gida. Ran Asabar da sassafe ina duƙe a bakin kanal ina gyara tiyo, wayar ta sulale daga aljihun gaba. Na tsamo ta cikin abin da bai fi minti ɗaya ba. Ance XR ba ta jin ruwa, to amma ban da wadda aka taɓa buɗewa aka canza mata gilashi. Ta yi fari, ta yi baƙi, shi ke nan.

Baba ko a jikinsa. Ya miƙo mini 'yar rakani-kashinsa ya ce, "Cire sim ɗin ka goge, ka sa a nan. Dillali zai kira." Na cire, amma na data ne. Na tsaya ina kame-kame, na ce, "Baba, ai wancan layin yana cikin wayar." Ya ce, "To ciro shi mana." Na ce ba ya ciruwa. Ya dube ni ya daɗe, sannan ya ce, "Wato kuɗi ka biya aka ɗaure maka layi?" Har yau ban sami amsar wannan tambayar ba.

Ga inda abin ya yi zafi. Lambata ce a hannun dillalinmu na Kwanar Gafan, domin ni ke karanta saƙo, kuma asusuna ake turo wa kuɗin. Lambar dillalin kuma tana cikin wayar da ta mutu, ba wanda ya haddace. Sai da ƙanena ya hau babur ya je ya nemo shi. Aka loda kwanduna, mai saye ya ce ya tura kuɗi, ya nuna rasit a wayarsa. Babu alat. Ba zan iya danna lambar banki in duba ba, don sai da layin da aka yi rajista da shi. Katin ATM kuwa yana cikin jakata a Kano. Tumatir ba shinkafa ba ne da za ka ce a mayar rumbu a jira Litinin. Kwana ɗaya a rana ya isa ya fara ruwa. Baba ya ce a bar mota ta tafi. Da yamma mata da yaran da suka yi tsinka suka zauna a gindin bishiya suna jiran haƙƙinsu, sai Kawu ne ya ranta mana aka sallame su. Daren nan Baba bai ce mini komai ba, wanda da ya yi faɗa ma da ya fi mini sauƙi.

Litinin na shigo Kano da takardar NIN, na bi layi, aka ɗauki hoto da yatsa, aka yi mini welkam-bak. Ma'aikaciyar ta tambaya ko eSIM za a sake ba ni. Na ce a'a Hajiya, na roba. Ina zura shi a wayar aro sai ga alat, kuɗi sun shiga tun Asabar.

Kada a ce na zo ɓata eSIM. A cikin garin Kano, inda ƙwacen waya ya zama abin da kowa ke tsoro, yana da ranarsa. Ɓarawo ya fi son sim ɗinka a kan wayar, domin zai zare shi ya sa a wata ya fara lalube asusunka, eSIM kuwa ba ya zaruwa. Abin da ya hana ni ceton layina a bakin kanal, shi ne zai hana ɓarawo. Sai dai shi na roba ma yana da magani da yawancinmu ba mu damu da shi ba: a sa masa PIN. Duk wayar da aka mayar da shi sai ta nemi lambar, in an kuskure sau uku ya kulle sai da PUK.

Masu shirin sayen waya, ku danna *#06# tukuna. In lambar EID ta fito, tana ɗaukar eSIM. Ku kuma juya gefenta ku duba, domin iPhone 14 zuwa sama da aka yi wa kasuwar Amurka ba su da gidan sim sam, kuma suna nan a kasuwa cikin na hannu. Wanda gidansu ke nesa da ofishin kamfanin layi ya yi tunani sau biyu.

Yanzu na juya tsarin. Babban layi na roba ne, da PIN, na data shi ne eSIM, in ya nutse ba wanda zai kwana da yunwa. Lambar dillali kuma Baba ya sa na rubuta masa da gawayi a bangon zaure.