Makullin da Na Riƙe Shekara Uku



'Yan uwa masu karatu, labarin wani laifi nawa zan ba ku a yau, wataƙila wani ya tsira daga irinsa.

A Islamiyyar da nake koyarwa akwai wani kabad mai ƙofar gilashi a kusurwar ofis. Wani ɗan kasuwa a unguwarmu, Allah Ya jiƙansa, shi ya saye shi ya cika shi da littattafai, ya ce wakafi ne ga makaranta. A ciki akwai Tafsirin Ibn Kasir, da Riyadus Salihin, da Ar-Rahiƙul Makhtum, da Ƙasasun Nabiyyin na Abul Hasan An-Nadwi, da tarjamar ma'anonin Alƙur'ani ta Shaikh Abubakar Mahmud Gumi, har da Magana Jari Ce na Abubakar Imam. Da yake ana ganin ina son littafi, sai Mudir ya danƙa mini makullin. Shekara uku ina riƙe da shi. A duk taron malamai nakan faɗa da alfahari cewa ko takarda ɗaya ba ta ɓace ba, kuma gaskiya nake faɗa. Abin da ban taɓa faɗa ba shi ne, ko takarda ɗaya ɗalibai ba su karanta ba.

Wata rana bayan an tashi, wata ɗaliba 'yar aji shida ta yi sallama a bakin ofis. Yarinya ce mai kunya, ba ta cika magana a aji ba. Ashe ta daɗe tana karanta sunayen littattafan ta bayan gilashi duk lokacin da aka aiko ta ɗaukar alli. Ta ce, "Ya Sayyadi, don Allah ko za a ara mini wancan na tarihin sahabbai mata?" Tana nufin Suwar min Hayatis Sahabiyyat na Abdurrahman Ra'afat Al-Basha. Ban ko ɗaga kai daga rajistar da nake cikewa ba na ce, "Na wakafi ne, ba a fita da su." Ta yi jim, sannan ta ce, "To Ya Sayyadi, yaushe ake karanta su a nan?" Ba rashin kunya ba ne, tambaya ce ta mai son ya san ranar da zai dawo. Na ce za a sa rana. Ba a sa ba. A ƙarshen shekarar ta yi sauka, ba da jimawa ba aka yi mata aure zuwa wani gari.

Da damina ta kama, na buɗe kabad ɗin don ɗauko wani littafi a kantar ƙasa, sai na tarar gara ta shigo ta jikin bango ta yi gida. Mujalladi biyu na Ibn Kasir sun koma ƙasa, bango kawai ya rage. Na zauna a benci na daɗe ban motsa ba. Abin da na hana yarinya mai neman ilmi, ga shi gara ta cinye ba ta nemi izinina ba.

Na je wurin babban ɗan mai wakafin don in shaida masa ɓarnar, na kuma tambaye shi sharaɗin da mahaifinsu ya gindaya. Ya ce, "Malam, ai Alhaji bai sa wani sharaɗi ba. Cewa kawai ya yi yara su karanta." A nan jikina ya yi sanyi. Ashe ni na ƙirƙiri sharaɗin, don in huta da bin sawun littafi, sannan na jingina shi ga mamaci. Mutumin ya bar abin da yake fatan ladansa ya riƙa gudana zuwa kabarinsa, ni kuwa na datse shi da kwaɗo har shekara uku, ina kiran wannan riƙon amana.

Kuma ni ne mafi ƙarancin uzuri, domin na san yadda ake yin wannan aiki da kyau. A sakandaren Arabiyya da na yi akwai wani dattijo mai kula da laburare, Baba kawai muke ce masa. Ba shi da digiri, albashinsa kuma ba na jin ya kai rabin na malamanmu. Ranar da na fara shiga wurinsa, Sharhin Ibn Aƙil na nema, don kawai a gan ni da shi a hannu. Ya dube ni ya yi murmushi, ya ce, "Ɗana, wannan zai jira ka. Fara da wannan, in ka gama ka zo ka ba ni labari." Ya miƙo mini wani siririn littafin labari mai wasali na Kamil Kilani. Na karɓa ina jin an raina ni. A daren na gama shi, kuma shi ne karo na farko da na karanta Larabci ba don jarrabawa ba.

Haka yake yi wa kowa. In ka dawo da littafi sai ya tambaye ka yadda aka ƙare. In ka fara kame-kame, ya mayar maka da shi ya ce ka ƙara mako guda. Ya san wane yaro ne labarin yaƙoƙi zai kama, ya san wanda sai an biyo masa ta waƙa, ya san wanda idonsa ba ya ganin ƙananan haruffa amma yana kunyar faɗa. In babu kowa, sai ka same shi da allura da zare da ƙaro yana ɗinke littattafan da muka yayyaga. Malamanmu, Allah Ya saka musu da alheri, sun koya mini yadda ake karatu. Amma son karatun, a teburin Baba na same shi.

Mu a nan mun ɗauki kula da laburare aikin da ake bai wa wanda aka rasa inda za a kai. Magabata ba haka suka ɗauke shi ba. Tajuddin As-Subki, wanda ya rasu a shekara ta 771 bayan Hijira (1370), ya ware wa mai riƙon taskar littattafai fasali guda a littafinsa Mu'idun Ni'am wa Mubidun Niƙam. A taƙaice ya ɗora masa adana littattafai da gyara waɗanda suka lalace, da hana su ga wanda ba ahalinsu ba, da bayar da su ga mai buƙata, tare da fifita talakan da ba zai iya saye ba a kan mawadaci. Ka lura, ya kai ɗan uwa, adanawa da bayarwa duk a wuyan mutum guda suke. Ni na ɗauki rabi na farko na yi watsi da na biyu, ƙarshe na farkon ma bai tsira ba.

Ko ka san cewa Hafiz Ibn Hajar Al-Asƙalani, mai Fathul Bari, ya yi aikin kula da laburaren makaranta? Shi ya riƙe taskar littattafan makarantar Mahmudiyya a Alƙahira, mai mujalladi kusan 4,000, har rasuwarsa a 852 (1449). Ya yi mata fihirisa biyu, ɗaya bisa jerin haruffa, ɗaya bisa fannoni, don mai nema ya samu cikin sauƙi. Ita wannan taska mai wakafinta ya shardanta da gaske cewa kada a fitar da littafi daga makarantar. Duk da haka Imam Suyuɗi, wanda ya rasu a 911 (1505), ya rubuta risala sukutum a kan mas'alar, Bazlul Majhud fi Khizanati Mahmud, yana duba manufar mai wakafi, ya kuma karkata ga sassauci ga wanda bincikensa ba zai yiwu ba sai ya tafi da littafin. Su suna da sharaɗi a rubuce suna nema wa mai karatu mafita, ni ba ni da sharaɗi na ƙago shi.

Na san wani zai ce, yau mene ne amfanin kabad, alhali Maktabatus Shamila da dubban littattafai suna cikin waya da kwamfuta? Ni ma ina amfana da su, ba na musu. Amma ina ganin abin da yalwar take yi wa yaranmu. Yaron da bai gama Ahalari ba sai ka ji shi da littafin raddi da aka turo masa ta WhatsApp, yana yanke wa malaman da suka haifi ubansa hukunci. Wani kuma ya tara littattafai ɗari a waya bai kai shafi na goma a ko ɗaya ba. Waya za ta ba ka duk abin da ka nema. Ba za ta dube ka ta ce wannan zai jira ka ba, ba kuma za ta tambaye ka yadda labarin ya ƙare ba.

Yanzu mun janye kabad ɗin daga jikin bango, mun ɗora shi a kan bulo. Ranar Alhamis bayan la'asar, da yake babu karatu, nakan buɗe shi in shimfiɗa tabarma a baranda. Akwai littafin rajista: suna, aji, ranar ɗauka, ranar dawowa. Mako biyu ake yi da littafi. Makon farko yara huɗu suka zo, uku daga cikinsu Magana Jari Ce suke so, wanda hakan bai yi wa wani abokin aikina daɗi ba. Na ce masa ya bar su, yaron da ya saba zama da littafi har ya kai ƙarshensa shi ne gobe zai iya zama da Riyadus Salihin. Ba zan ɓoye muku ba, littafi biyu sun tafi ba su dawo ba, wani kuma ya dawo da tabon manja. Na sayi madadin ɗaya da kuɗina, ɗayan ina jiran ƙarshen wata.

Ƙanin waccan ɗaliba yana aji uku a wurinmu. Kafin hutun Sallah na ji yana cewa za su je garin da take aure, sai na ɗauko littafin sahabbai matan na naɗe shi a leda na ba shi, na ce ya gaishe ta, ya ce mata Malam ya ce ta yafe masa jinkiri. Na rubuta sunanta a rajista, na bar gurbin ranar dawowa babu komai. Yaron ya dawo ya ce ta karɓa, ta yi dariya, ta ce ai ta zaci na manta. Littafin yana wurinta har yanzu.