Daren da na kwana a bukkar masunci

Hausawa na cewa gani ya kori ji. Ni Bajju ne, haifaffen Kafanchan, a kasuwa da makaranta na koyi Hausa. A hutun da ya wuce na ziyarci wani dattijo Bahaushe masunci, abokin marigayi mahaifina, a bukkarsa ta bakin kogi, can gaba da inda ruwan Matsirga ke zubowa. Niyyata in tattaro sunayen kifaye don kundin digirina.

Mahaifiyata ba ta so tafiyar ba. Tun rikicin bayan zaɓen 2011 garinmu ya rabu, kowa ya san unguwar da ba ya kwana. Ni ma da dare ya tsala, ga daji, ga waya ba sabis, sai barci ya gagare ni. Da dattijon ya lura, sai ya ja tabarmarsa zuwa bakin ƙofa, ya ce, "Kwanta ɗana, duk abin da zai zo, da ni zai fara."

Da asuba muka sa tana a fatsa muka jefa. Da na ciro kifin farko na ce, "Baba, ga tarwaɗa!" Ya yi dariya, ya ce, "Ɗan jami'a, wannan karfasa ce. Tarwaɗa gashin baki gare ta, ga santsi."

Na koma gida da sunaye 11 a littafina da karfasa uku a leda. Mama ta yi mana miya da su. Washegari ta ƙulla citta, ta ce in kai wa Baba.