Idan Ya Dawo Daga Ƙwallo, Me Kike Tambayarsa?

'Yar'uwa, na san golf ba wasanmu ba ne. A Safana ko Batsari babu filinsa, sai manyan birane irin su Kano da Kaduna. Amma ki ɗan saurare ni, akwai abin da na tsinta a cikinsa da ya shafi 'ya'yanmu.

Golf wasan kowa tasa ta fisshe shi ne: mutum da sandarsa, yana bugun 'yar ƙwallo har ta faɗa rami. Sai dai duk bayan shekara biyu ana gasar Kofin Ryder, inda 'yan wasa 12 na Amurka ke karawa da 12 na Turai. An fara ta a 1927, da kofin da Samuel Ryder, wani mai sayar da irin shuka a Ingila, ya bayar. Da farko Birtaniya ce ke karawa da Amurka tana ta shan kashi, sai a 1979 aka shigo da sauran ƙasashen Turai. Tun daga nan hamayya ta yi zafi.

A 1969 a Ingila, maki ya zo kankankan, aka rage mutum biyu a ramin ƙarshe: Jack Nicklaus na Amurka da Tony Jacklin na Birtaniya. Nicklaus ya jefa tasa. Ta Jacklin ba ta kai taku ɗaya da ramin ba, amma da ya kuskure, da ƙasarsa ta faɗi a gaban mutanensa. Dokar wasan ta yarda ka yafe wa abokin karawa irin wannan bugun, Nicklaus kuwa ya yafe. Aka tashi 16 da 16. Kofin ya ci gaba da zama a hannun Amurka, duk da haka kyaftin ɗinsu Sam Snead bai ji daɗi ba. Yau fiye da shekara 50, wannan karamcin ake ta tunawa.

Ki kwatanta da 2025 a New York, inda 'yan kallo suka yi ta zagin Rory McIlroy na Turai, cin mutuncin har ya taɓa matarsa. Turai ta ci 15 da 13, masu zagin suka koma gida da kunya biyu.

Mu ma muna da namu. Yaran unguwa da unguwa su buga ƙwallo da yamma, a tashi da jifa, gobe wannan ba ya bin layin wancan. Ni abin yana damuna, domin yankinmu ya ga abin da gaba ke haifarwa, ba ma buƙatar a shuka sabuwa a filin wasa.

Kuma mu iyaye mata muna da hannu. Yaro ya shigo duk ƙura, tambayarmu ɗaya ce: "Wa ya ci?" Daga nan yake koyon cewa ci kaɗai ke da daraja. Ni nawa nakan ƙara masa biyu: "Kun gaisa da su bayan an tashi? Wanda ya ɓarar muku da ƙwallo, me kuka ce masa?"

Gwada su a daren yau, lokacin da kike zuba masa tuwo. Amsar za ta nuna miki irin maƙwabcin da kike reno. Allah ya shirya mana zuri'a.