Muryar da suka sani

Shekarar yunwar 2005 ta same ni ina sabuwar ma'aikaciya a ƙaramar likita, a wani ƙauye na ƙasar Kurni. Ba ni da salula a lokacin. Uwa takan goyo ɗa mai tamowa tun asuba, ta iso rana tsaka, in ɗaura masa ma'aunin dantse, in ya nuna ja sai neman amalanke zuwa Matamai. Da gwamnati ta sa maganin yara 'yan ƙasa da shekara 5 kyauta a 2006, mata suka ƙaru a bakin ƙofata, kuma a kan tabarmar jiran nan na san su ɗaya bayan ɗaya: wadda mijinta ya tafi cin rani Kano, wadda ta binne biyu tana tsoron na uku.

Daga baya salula ta shigo. Aka riƙa turo saƙonnin tunin rigakafi a rubuce, wasu da Faransanci, alhali wayar tana aljihun maigida, matar kuwa ba ta yi boko ba. Ban raina dabarar ba, amma ban ga ta taso kowa daga gida ba. Abin da ya yi aiki lambata ce, da na rubuta da gawayi a bangon likita. Mai ƙarancin kuɗi ta buga ta katse, ni in kira.

Ba na manta wani dare a damina. Wata yarinya mai haihuwar fari ta ari wayar maƙwabci ta kira ni. Muka gaisa, ina gida, ina yara, ta ce lafiya lau. Da baƙo ne, nan zai ajiye. Ni na san ba ta ambaton ɗan fari, kunya ba ta barinta, sai na ce, "Ƙanwata, mutumin nawa ya sha nono yau?" Ta yi shiru, sannan ta fashe da kuka. Jikinsa zafi rau, ya fara sanƙarewa.

Ban yi mata faɗan jinkiri ba, ko da yake raina ya so. Na ce ta kwantar da shi a gefensa, kada ta ɗura masa komai, ta tashe surukinta mai babur. Ban katse ba har sai da na ji ƙarar injin a tsakar gidan.