Tekun Cikin Gilashi A Birnin Abuja

Duk wanda ya san Abuja ya san gari ne na duwatsu. In ka taso daga Kaduna, Dutsen Zuma ne zai fara yi maka barka da zuwa, in ka shiga tsakiyar gari kuma ga Dutsen Aso can ya tokare gabas. Ruwan da garin ke taƙama da shi bai wuce Tafkin Jabi da madatsar Usuma ba. Teku kuwa, tun ran 12 ga watan Disamba na 1991 da Gwamnatin Tarayya ta baro Ikko aka bar ta can baya, tafiyar fiye da kilomita 700 a mota.

Shi ya sa na riƙe baki ran nan da wani abokin aikina ya kai ni gaida baffansa a Gwarimpa, wani dattijo da ya yi shekaru yana aiki a Ikko kafin ya huta. Muna shiga falo sai ga wani akwatin gilashi jikin bango, cike da ruwa garai-garai, fitila mai shuɗin haske a bisansa, inji na ta gurnani a ƙasa. A ciki ga waɗansu 'yan kifaye, wani ruwan lemo da ratsin fari, wani shuɗi mai rawayar wutsiya. Ni da na saba da tarwaɗar Kasuwar Kifi ta Kado, na ce, "Baba, waɗannan daga wane kogi?" Ya yi dariya, ya ce, "Ɗana, waɗannan ko awa guda ba za su yi a kogi ba. Lasa ka ji." Na tsoma yatsa na lasa, sai na ji gishiri zau!

To, daga ina ruwan teku ya zo Gwarimpa? Dattijon ya ce da fari shi ma ya ɗauka babu abin da ya kai na ainihi, don haka ya sa wani direban babbar mota ya ɗebo masa jarka goma daga bakin teku a Ikko. Motar ta lalace a hanya, ta yi kwana uku kafin ta haye gadar Lokoja, jarkunan suna shan rana. Da aka buɗe sai wari ya tashi, amma don ƙyashin kuɗin da ya kashe ya tace ya zuba. Kafin mako ya zagayo kifi biyar sun juya ciki sama.

Dalilin haka kuwa shi ne, ruwan teku abu ne mai rai. Kowane cokali guda na ɗauke da ƙananan halittu da ido ba ya gani. Da zarar an rufe su a jarka, ba iska ba haske, sai su mutu su ruɓe, ruwan ya zama dafi. Saboda haka masu wannan kiwo da ke zaune a gaɓar teku, ko dai su zuba shi a ranar da suka ɗebo, ko kuwa su ajiye shi cikin duhu makonni har ya kwanta, kana su tace. Bugu da ƙari, ba kowane wuri ake ɗiba ba. Ruwan bakin Ikko na haɗuwa da na magudanan gari da man jiragen ruwa na Apapa, da damina kuma ruwan kogi kan tsinka gishirinsa. Sai an shiga jirgi an nausa can ciki kafin a sami mai tsabta. Jarkar da ta taɓa ɗaukar fetur kuwa, ba a ma maganarta.

Na ce, "To Baba, me ya hana ka jiƙa gishirin miya?" Ya ce wani yaronsa ma haka ya tambaya. A kowace lita ta ruwan teku akwai gishiri kamar giram 35, watau akwatinsa mai cin lita 200 na bukatar kilo 7. Amma irin na miya kashi 85 cikin 100 ne kawai na wannan gishiri. Ragowar waɗansu sinadarai ne, har da mai kama da alli wanda murjani ke gina jikinsa da shi. Yanzu haɗaɗɗen gishiri yake saye a buhu, wanda ake kawowa daga ƙasashen waje, ya dama da ruwan da aka tace ƙwarai, don na famfo yana da maganin kashe ƙwayoyin cuta da kifi ba ya jurewa. Tsada dai akwai ta, kuma duk ranar da dala ta tashi shi ma buhun ya tashi.

Wannan wahala ba a kansa farau ba. Birnin Chicago na Amurka shi ma nesa yake da teku, kuma da aka buɗe gidan kifi na Shedd a 1930, a taragun jirgin ƙasa aka yi ta jigilar ruwa, galan miliyan ɗaya, daga Key West ta Jihar Fulorida. Daga baya su ma suka koma haɗa nasu. A Ingila kuwa tun 1854 wani masani, Philip Henry Gosse, ya bayyana yadda za a haɗa ruwan teku a gida.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, ƙasar nan tamu ta taɓa zama ƙarƙashin teku. Masana duwatsu sun tabbatar cewa shekaru wajen miliyan 100 da suka wuce ruwan gishiri ya malale kwarin Binuwai, kuma ana danganta rijiyoyin gishiri na Keana da Awe a Jihar Nasarawa, maƙwabciyar Abuja, da wannan tsohuwar teku. A ƙasar Sakkwato an tono ƙasusuwan wata ƙatuwar dabbar teku, har a 1972 aka raɗa mata suna Goronyosaurus, watau da sunan Goronyo. Dutsen da ake toya siminti da shi a Kalambaina ma a gindin teku ya taru. Na faɗa wa dattijon haka, ya ce to da ma ta jira shi.

Da hunturu, in ji shi, iska kan shanye ruwan akwatin kullum ta bar gishiri, don haka ruwa zalla yake cikowa da shi, in ba haka ba gishirin ya yi wa kifin yawa. Da bazara kuwa, tun daga watan Maris, sai da na'urar sanyaya ɗaki, domin ba su son zafin ruwa ya wuce maki 27.

Muna cikin wannan hira aka ɗauke wuta. Injin ya yi tsit, fitilar ta mutu, kifayen suka fara tasowa sama suna buɗe baki. Dattijon ya miƙe da sauri irin wanda ban zaci yana da shi ba, ya miƙo mini wani kofi, ya ce in riƙa ɗibar ruwan ina kwarara shi daga sama don iska ta shiga, shi kuma ya nufi bayan gida wajen janareto yana ƙwala wa jikansa kira ya kawo tocila.