Ƙasa Ko Siminti?

Kunkurun gidanmu da ke unguwar Jahun a Bauchi ya girme ni. Da aka tashi shafe tsakar gida da siminti, na roƙi Baba ya bar masa kusurwa ɗaya ta ƙasa, ya kuwa amince. Dalilina shi ne, kunkurun Sahel rami yake haƙawa ya ɓuya idan zafin Afrilu ya kai digiri 40. A kan siminti kuwa babu mafaka, sai ƙunar ƙafa.

Sai dai abin da ya raya wani kan kashe wani. A Amurka, masu kiwon tsaka mai zanen damisa, 'yar asalin Pakistan da Afganistan, suna gudun shimfiɗa mata zallar yashi, domin takan haɗiye shi ya toshe mata hanji. Kowace halitta da shimfiɗarta.