Karanta Sunan Ɗanka Kafin Ka Naɗe Takarda



Mu mutanen bakin iyaka ne. In ka ƙetare Kwara, ga ka Malanbil, ƙasar Benin. In ka nufi gabas, kafin hantsi ka isa Kamba, ƙasar Najeriya. Da yawa cikinmu uwa ta can ce, uba na nan, gona nan, kasuwa can. Shi ya sa zancen takarda ya fi damunmu bisa ga mutumin da ke zaune tsakiyar ƙasa. Wurin bincike ba a tambayar wane ne kakanka. Katin ɗan ƙasa ake tambaya. Shi kuwa kati, daga takardar haihuwa yake fitowa. Ita ce uwar takardu duka.

Ni malamin yaƙi da jahilci ne. Kowace shekara nakan tambayi ajina: wa ke da takardar haihuwar ɗiyansa duka? Hannuwa kaɗan ke tashi. Wasu ma da sunka ɗaga hannu, in na ce su kawo mu gani, sai su kawo katin awo na asibiti, wanda ake rubuta allurar rigakafi ciki. Wanga kati yana da amfani ƙwarai, a adana shi. Amma ba shi ne takardar haihuwa ba.

Ga yadda abin yake. In an haihu, a je a sanar. Ana sanarwa asibitin da anka haihu, ko wurin mai riƙe da littafin sanarwa na ƙauye. Daga nan sai a kai sanarwar ma'aikatar magajin gari, can ake rubuta takardar haihuwa ta gaskiya, a sa mata hannu, a buga hatimi. Wannan ita ce za ka koma ka karɓa. Nan ne mutane da yawa ke tsayawa rabin hanya: sun sanar, ba su koma ba. Takarda na can cikin ofis tana jiran mai ita, yaro kuwa har ya fara kiwon awaki.

Dokar da anka yi a shekarar 2019 ta ba da kwana 60 daga ranar haihuwa. Cikin kwanakin nan sanarwa kyauta ce, ko dala ba ka biya. Ku duba lissafi. Ranar bakwai ake suna. Mun nemo rago, mun raba goro, mun kira liman, an yi fatiha, gari duk ya ji sunan yaro. Saura kwana 53 ke nan. Hausawa sun ce tun ran gini, tun ran zane. A ganina, zanen suna bai cika ba sai sunan ya shiga littafi.

In kwana 60 sun wuce fa? Sai gaban alƙali. Ka tafi kotu da shaidun da sunka san haihuwar, ka biya kuɗɗin mota naka da nasu, ka bar aikin gona. In alƙali ya gamsu, ya yanke hukunci, sa'annan a rubuta yaro. Mutumin Tanda ko Tunuga ko Yelu ya san abin da zuwa Gaya ke ci da damina. Wani lokaci alƙalai kan fito ƙauyuka su zauna, su yi wa yara da yawa hukunci rana ɗaya. In kun ji shela, kada ku yi sanya. Amma ba kullum suke zuwa ba.

Abin yana gyaruwa, alhamdu lillahi. Binciken da anka yi cikin Nijar a shekarar 2006 ya nuna yaro 32 cikin 100 ne anka sanar da haihuwarsu. A na shekarar 2012, sun kai 64 cikin 100.

Yanzu ga abin da ya fi damuna, kuma don shi na ɗauki alƙalami. Samun takarda daban, samun takarda mai daidai daban.

Akwai wani dattijo cikin ajina, ɗiyarsa ta kai lokacin jarrabawar BEPC. Yarinya mai ƙoƙari. Da anka zo haɗa takardunta, sai anka ga sunan uba bai zama ɗaya ba. A takardar haihuwa an rubuta sunansa na yanka. A littafin makaranta an rubuta sunan da gari ke kiransa da shi. A idon hukuma, mutum biyu ke nan. Uban ya ce, "Malam, ai duk ni ne!" Gaskiya ne, duk shi ne, kowa cikin gari ya sani. Amma takarda ba ta san kowa ba. Ya yi sintiri har ya gaji, ya sayar da buhun gero kafin abu ya daidaita, yarinya kuwa tana gida tana kuka maimakon bitar karatu. Shekara da shekaru takardun nan suna cikin akwatinsa. Lokacin da anka ba shi su bai iya karatu ba, sai ya naɗe ya ajiye.

Mu nan kusan kowa suna biyu gare shi. Ga na yanka, ga na rana, ga wanda uwa ke ɓoye sunan ɗan fari da shi don kunya. Babu laifi. Sai dai ga takarda, a zaɓi ɗaya, a tsaya a kansa har abada: na yaro, na uba, na uwa.

Wani zai ce, "To Malam, takardar da Faransanci take, mu kuwa Hausa munka koya." Haka ne. Amma ba duka za ka karanta ba. Abu huɗu kawai za ka nema: sunan yaro, sunan iyaye, ranar haihuwa, da garin haihuwa. Lambobi iri ɗaya ne, kun riga kun san su. Sunaye kuwa, ɗan bambanci ne. Inda muke rubuta u, su ou suke rubutawa: Musa ya zama Moussa. Inda muke sh, su ch: Sha'aibu ya zama Chaibou. Inda muke c, su tch: Cima ta zama Tchima. Inda muke j, sau da yawa dj za ka gani: Jibo ya zama Djibo. Wanda ya riƙe waɗannan huɗu, ya iya gane sunan ɗansa.

Wata mata daga ajin mata ta gwada haka a wani gari. An miƙa mata takardar jaririnta, ba ta naɗe ba. Ta tsaya nan, ta sa yatsa tana bi harafi-harafi. Sai ta ga an rubuta wata na 6, alhali wata na 9 ta haihu. Ta nuna wa mai rubutu cikin ladabi. Ya duba littafi, ya ga gaskiyarta, anka gyara mata. Da ta bari shekaru sun wuce, da gyaran sai ta hannun alƙali. Ran da ta ba mu labari, mata sunka yi ta guɗa.

Sai zancen haihuwar ƙetare. Mace kan tafi wankan gida wurin iyayenta, ko naƙuda ta kama ta Malanbil ko Kamba. Haihuwar da anka yi can, can ake fara rubuta ta. Ku karɓo takardar, ku kawo, ku tambayi ma'aikatar magajin gari abin da ya rage. Abin da ba na so shi ne dabarar nan ta yi wa yaro takarda biyu, ɗaya nan ɗaya can, kowace da shekararta da sunanta. Yau kamar wayo. Ran da takardun biyu sunka haɗu hannun ma'aikaci ɗaya, yaron ne zai amsa tambaya, ba uban ba.

Aure da mutuwa su ma ana rubuta su haka, cikin kwana 60. Matar da mijinta ma'aikaci ya rasu, ba ta samun haƙƙinta da na marayu sai da takardar aure da ta mutuwa.

In ka samu takarda, kada ka riƙa yawo da ta ainihi. Makaranta ko wani ofis in sun nema, a yi kwafi, a kai ma'aikatar magajin gari, ka biya kuɗɗin tambur, a buga hatimi, ka ba su wannan. Ta ainihi a sa ta cikin leda, a rataye sama, don gara da ɓera da ambaliyar Kwara.

A ajinmu mun yanke shawara: bana, bayan mun gama haruffa, kowa zai kawo takardun gidansa duka. Za mu shimfiɗa su bisa tabarma, mu jera ta haihuwa kusa da ta makaranta, kowa ya karanta sunan ɗiyansa da bakinsa. Wadda ba ta yi daidai ba, mu ware ta gefe, mu kai tun yaro bai kai ajin jarrabawa ba.